Gawar da Na Sa Aka Ɗauka a Yalwa

Shekarar da aka tura ni koyarwa Rano, na zo da kwalin wasan kwaikwayo da girman kai. A kwaleji an koya mana irin na Turawa: duk abin da ke kan dandali ya zama kamar gaske. Na haɗa samarin Yalwa, ƙauyen da makarantarmu take, za mu yi wasa kan faɗan gona, inda ake kashe mutum ɗaya.

Akwai wani dattijon malamin tarihi da muke aiki tare, mai yawan karance-karance. Ya nuna mini wasan mutanen Sin a wayarsa: tebur ɗaya, kujeru biyu, mutum ya riƙe bulala shi ke nan ya hau doki. Wanda aka kashe kuwa tashi yake ya fice da ƙafarsa, kowa ya gane ya mutu. Ya ce Turawan da nake taƙama da su ma sai da suka koma suka ari wannan dabara. Ya roƙe ni in yi haka, domin yaron da zai fito a mamacin, yayansa ya rasu da daminar nan, su biyu ne kuma wurin uwarsu. Na sani sarai. Na ce masa wannan wasan yara ne, ni gawa nake so a gani.

Ranar wasan, bayan la'asar, filin makaranta ya cika. Aka kwantar da yaron a kan ƙyauren da muka ciro daga aji, aka lulluɓe shi da farin yadi, mutum huɗu suka ɗaga. Wuri ya yi tsit, ni kuwa ina gefe ina jin daɗi, har yau ina kunyar wannan jin daɗin.

Sai wata mata ta taso daga cikin mata. Ba ta yi kuka ba. Ta ratsa mutane ta tsaya gaban masu ɗauka, suka sauke da kansu. Ta yaye yadin, ta shafa fuskar ɗanta, ta kama hannunsa ta tashe shi. Da za su wuce ta gabana ta ɗan rusuna ta gaishe ni, kamar yadda ake gaida malami.

Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ɗaya na riga na bayar."