Kwalbar Yaya Mai Farce

Shekara ashirin Yaya Mai Farce ta yi tana gyaran farce a shago ɗaya da ƙanwarta mai kitso. Madubi ɗaya, fanka ɗaya, surutu kuwa na mutum goma. Mace ce mai tsari da son gayu. Ko auduga ka taɓa a teburinta sai ta gane.

Gayun ne ya ja mata. Ta samo kwalbar turare mai kyau, murfinta yana ɗan girgiɗi, ta juye ruwan goge jan farce a ciki don burge kwastomomi. Tun daga ranar ruwan ya fara raguwa. Ta ɗaura zare a jikin kwalbar, kwana uku ya sauka ƙasa da zaren. Makullin shagon kuwa biyu ne kacal, nata da na ƙanwar.

"Ki ce in ba ki mana, ba sai kin ɗiba a ɓoye ba," ta ce wa ƙanwar, a gaban mutane.

Ƙanwar ta tashi. Ta kwashe kayan kitsonta ta koma yi a gida. Shago ya yi tsit. Yaya ta yi kewarta sosai, amma girman kai ya hana ta motsi. Ruwan kuma bai fasa raguwa ba.

Ran nan 'yar Yaya, malamar kimiyya, ta leƙo. Ta ji labari, ta ɗiga ɗigo uku a gilashin tebur: ruwa, sifirit, da ruwan gogewar.

"Mama, zuba ido. Ƙwayoyin ruwa riƙon juna suke da hannu bibbiyu, ta sinadarin haidirojin da ke cikinsu. Na sifirit hannu ɗaya. Wannan na ukun ɗan jan juna kawai suke yi sama-sama, iska kaɗan ta kwashe su."

Kafin ta rufe baki ɗigo na uku ya ɓace. Sifirit ya bi baya. Ruwa na nan daram.

Yaya ta dubi murfin, ta dubi fanka: ashe iska ce ke kwashe ruwan. Kunya ta rufe ta. Da rana tsaka ta kulle shago, ta samu ƙanwar a tsakar gida tana kitso, mata huɗu suna jiran layi.

"An kama ɓarawon," ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ni ce da kwalbata. Ki yafe ni."

Ƙanwar ba ta ɗago ba. Ta matsa mata a tabarma, ta miƙo mataji.

"Riƙe min nan, Yaya."