Sistem ɗin da Na Zaɓa wa Baba

Ranar da wuta ta kashe kwamfutar Baba ina shago. Matata ce ta kira ni, ta ce kuran, wato lantarki, ya tafi ya dawo da ƙarfi, akwatin da ke ƙarƙashin tele ya yi ƙara sau ɗaya ya yi shiru, ga tsoho can a falo yana ta danna rimot. Na ce ta ba shi haƙuri kafin in dawo.

Ta ce, "Ni zan ba shi haƙuri? Ka zo ka gaya masa da kanka."

Ta san ba zan iya ba, ni ma na san ba za ta iya ba. Ita suruka ce, ba ta shiga falo in yana zaune sai ta kai abinci, ta durƙusa ta ajiye ta fito. Ni kuwa ɗan farinsa ne. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban tsabar idona ya ce mini yi kaza ba. In yana son wani abu a wurina sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa mutumin nan sabulu ya ƙare," ina zaune taku biyu daga shi. Haka muka taso, haka kuma muka ci gaba a ɗakuna ukun da muke haya a unguwar Derrière la Prison, inda in maƙwabci ya yi tari kana ji, amma ni da mahaifina ba mu da hanyar magana sai gaisuwa.

Baba ya zo Libreville, babban birnin Gabon, daga wani gari kusa da Kano tun yana da ƙarfinsa. Ya yi shekaru a Port Môle yana sayar wa fasinjojin jirgin ruwa agogo da tocila da batir, har 'yan dako suka haddace muryarsa. Bayan rasuwar Innarmu ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, tunaninsa ma ya fara ɗaukewa yana dawowa. Ba ya zuwa masallaci sai an riƙe shi. Alwala ni nake yi masa. Abu ɗaya ne ya rage masa wanda yake yi da hannunsa ba tare da ya roƙi kowa ba, shi ne kunna fim.

Fina-finan uku ne kawai, na gida, waɗanda na sa aka kwashe daga tsofaffin kaset. Ɗaya walimar saukar karatun autarmu, ɗaya na zuwansa gida na ƙarshe, an ɗauko gona da ƙofar gidan kakanmu. Na ukun ranar da Inna ta dawo daga aikin Hajji ne, tana saukowa daga mota tana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa wai ya bari ta gyara mayafi. Wannan na ukun ya fi kallo. Kwamfutar ƙarama ce, ta hannu, ba ta da wani aiki a gidan sai wannan. In an kunna ta takan yi wani ɗan sauti, sai jerin fina-finan ya fito a kan shuɗin allo. Baba bai iya boko ba, ajami yake karantawa, don haka ba rubutun yake bi ba, ƙirge yake yi. Ya danna ja, ya jira sautin, ya danna ƙasa sau biyu, ya danna tsakiya. Kullum da hantsi, bayan na tafi shago.

Washegari na kai akwatin wurin mai gyara, wani mutumin arewacin Kamaru mai rumfa a bayan kasuwa. Ya buɗe ya shinshina, ya ce faifan ajiyar ya ƙone, sai an sa wani. Hankalina bai tashi ba, domin ina da kwafin fina-finan a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta. Da ya gama sa faifan sai ya juyo.

"Alaji, wane sistem zan ɗora? Akwai tsohon da ke ciki da, kamfanin ya daina yi masa gyara. Akwai na tsakiya. Akwai wanda ya fito kwanan nan."

Na ce, "Wanne ka ga ya fi?"

"Me ake yi da mashin ɗin?"

"Kallo kawai. Tsohona ne yake kallo."

"Tana hawa intanet?"

"Ba ta taɓa ba."

"To a mayar mata da nata na da. Mashin ɗin nan ta tsufa, sabon zai yi mata nauyi, kuma shi kullum cikin tambaya yake, mizajur yau, mizajur gobe." Wato saƙon da ke cewa a sabunta manhaja. "Ka bar wa tsoho abin da ya sani."

Mutumin nan ya gaya mini gaskiya tun ban biya shi ba, kuma na ji shi da kunnena. Ba zan ce an cuce ni ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne 'yan kasuwar da ke biyowa ta gidanmu ran Juma'a bayan an sauko, su gaida Baba, idanunsu na yawo a falo daga labule zuwa kafet. Wani a cikinsu ya taɓa duban allon ya yi dariya ya ce, "Har yanzu wannan na zamanin da kake sa wa Baba?" Ban manta ba. Sannan akwai abin da ya fi wannan. Ɗan farin da ba ya iya buɗe baki ya ce wa ubansa komai, da kaya yake magana. Duk Salla sai na ɗinka masa shadda mafi tsada a layinmu, na sayo masa sabon takalmi ko da yake ba ya taka ƙasa. Ban taɓa kai masa tsohon abu ba alhali ga sabo a gabana. Sai na ga kamar in na ce a sa tsohon, na yi wa mahaifina rowa.

Na ce, "Sa na ƙarshen."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ce, "Dako, Alaji," wato ya yarda, ya sa.

Sabon yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Hotuna masu sheƙi, kowane fim da ɗan hotonsa a gefe. Sai dai yana daɗewa kafin ya tashi, sautin farko ya canza, jerin ya koma a kwance maimakon a tsaye. Kuma kusan duk lokacin da aka kunna sai wani farin akwati ya fito tsakiyar allo da rubutun Faransanci yana neman a haɗa shi da intanet. Rimot ba ya kawar da shi, sai an kama linzamin kwamfuta an danna wani ɗan kuros, alamar rufewa, a kusurwa. Na ga wannan tun a ranar. Na sayo linzami na ajiye a kan tebur kusa da kujerar Baba. Sannan na tsaya a tsakiyar falo, na fuskanci ƙofar da matata take tsaye, na ɗaga murya yadda shi zai ji.

"In wannan farin ya fito, a ja wannan a kai kibiyar nan, a danna. Sannan a yi dama sau biyu, ba ƙasa ba."

Baba ya dubi bango ya ce, "Allah ya yi albarka."

Na ɗauka ya gane. Gaskiyar magana, so nake ya zama ya gane, shi ya sa ban sake dubawa ba. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai magariba. Na tambayi matata sau biyu ko uku ko yana kallo, ta ce tana hango hasken tele ta labule, ba ta dai jin murya, ta zaci ya rage sauti. Ran Juma'a ni nake kunnawa saboda baƙi, in sa musu fim ɗin gona, su yaba sabon sistem, ni kuma in ji daɗi kamar wawa.

Autarmu ce ta gano. Tana aure a Angondjé, can Akanda, ga nisa ga cunkoson hanya, sai ta yi makonni ba ta zo ba. Ita Baba yana hira da ita, tana tsokanarsa, har gemunsa take ja. Wata ranar Laraba da azahar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga ta a ƙofar shagona, mayafinta sharkaf, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Yaya, me ka yi wa akwatin Baba?"

Na ce sabon sistem na sa masa.

"Na same shi zaune gaban wani farin rubutu. Na ce Baba me kake kallo, ya ce tun da aka gyara abin nan bai ga uwarmu ba. Ya ce kullum yana kunnawa ya zauna ko za ta fito. Ya ce kada in gaya maka, wai ka yi ɗawainiya."

Wajen wata biyu ke nan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi, haushin kaina da nasa da na matata da na duk wanda ya koya mana cewa wannan shirun shi ne ladabi. Kalma ɗaya ta ishe shi. Amma ni ma tambaya ɗaya ta ishe ni, ban yi ba.

A ranar na rufe shago na ɗauki akwatin cikin ruwan. Mai gyara bai ce ai na gaya maka ba, shi ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya sauke sabon ya ɗora tsohon, muka zauna tare muna gyara shi ya koma yadda yake, shuɗin allon, sautin farko, jerin a tsaye, na Inna na uku. Na gwada da kaina sau da yawa. Ja, jira, ƙasa sau biyu, tsakiya. Babu abin da ya bambanta.

Da hantsi washegari auta ta sa wa Baba rimot a hannun dama, ni ina tsaye a bayan kujera. Ya danna ja. Da sautin ya fito sai na ga ya gyara zama. Babban yatsansa ya sauka a kan maɓallan, ya tsaya. Ya danna sama. Ya danna gefe.

Auta ta ce, "Ƙasa, Baba. Sau biyu, kamar da."

Ya danna sau ɗaya, ya dubi rimot ɗin yana jujjuya shi kamar abin da ya tsinta a hanya.

Ta yi ta zuwa duk Lahadi har sau huɗu ko biyar. Ta ɗiga jan farce a kan maɓallan ukun, ta riƙe yatsansa tana ƙirga masa. Yakan yi daidai in tana riƙe, in ta saki ya ɓace. Likita ya ce irin wannan ciwon haka yake, abin da hannu ya daina yi yakan tafi, amma ba zai iya cewa da an bar tsohon sistem da bai tafi ba. Matata ta ce ƙaddara ce. Na ce haka ne, da bakina. A zuciyata na san wanda ya tsaya a rumfar nan ya ce sa na ƙarshen.

Wata safiya ina ɗaura agogo zan fita, Baba ya ɗago ya dube ni cikin ido, ya miƙo mini rimot.

Ya ce, "Samari, ko ka iya abin nan? Taimaka ka kunna mini."

Na karɓa na kunna. Ya yi mini godiya sosai, irin wadda ake yi wa baƙon da ya yi kirki. Na fita na tsaya a lungu na yi kuka, mai sayar da burodi yana kallona.

Yanzu mai gyara ya saita kwamfutar yadda fim ɗin Inna zai riƙa maimaita kansa in ya ƙare. Ni nake kunnawa kafin in tafi, ni nake kashewa in na dawo. Jiya na manta makullin sito, na koma gida wajen la'asar. Inna tana saukowa daga mota, ban san karo na nawa ba a ranar, tana faɗa a kan mayafinta. Baba yana zaune ido biyu, fuskarsa tana wajen taga. Rimot ɗin ya faɗi ƙasa kusa da ƙafarsa mai lafiya, bai ɗauka ba.