Dajin Merv na Bayan Ɗakin Ajiya

A yankin su Merv Tuohy, idan mutum ya ce "na tafi daji", ba mai tambayarsa ina ne ko yaushe zai dawo. Wataƙila gyaran shinge ne, wataƙila kamun kifi, ko kuma kawai zaman ɗaki ne ya ishe shi. A Turancinsu 'yar gajeriyar magana ce, amma a cikin dajin nan Merv ya ƙare ƙuruciyarsa kaf. Aikinsa kafa shingen waya a gonakin tumaki na yammacin jihar Queensland, shimfiɗa a naɗe a bayan mota, gwangwanin dafa shayi ya yi baƙi ƙirin.

Sai ido ya fara gazawa. Likita ya hana shi tuƙi, 'yarsa Raelene ta kwaso shi zuwa gidanta a cikin gari. Ga gado mai laushi, ga ƙatuwar talabijin, amma ina! Bawan Allah sai ramewa yake, ya daina ko tsokanar mutane. Raelene ta tsorata ƙwarai, kada zaman ɗaki ya kashe mata uba.

Wata safiya ta leƙa, ba Merv, ba malafarsa. Mijinta Col kuwa yana cin burodi hankali kwance.

"Ya ce ya tafi daji," in ji Col.

"Daji? Da wane idon? Kai kuma kana zaune kamar buhu!"

"To, ni zan tambayi dattijo inda za shi? Ai ba a yi."

Ta zari makullin mota ke nan, sai ta ji ƙaurin hayaƙi. Ta bi shi har bayan ɗakin ajiya. Ga tsoho a gindin bishiyar turare, ya haɗa 'yar wuta, gwangwani na tafasa.

"Haba Baba, ka tsinka min zuciya! Nan ne dajin?"

"Ɗaga kai, yarinya. Kin ga rufi?"

Ya watsa ganyen shayi, ya kama mariƙin, ya wulwula gwangwanin da hannu ɗaya yadda suke yi don ganye ya kwanta. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ta manta rabon da ta ji. Sai ta lura kofi biyu ya ajiye a kan dutse.

Daga kicin Col ya ƙwala kira. "Raelene, kin gan shi? Kuna ina?"

Ta zauna a ƙasa, ta karɓi kofinta.

"Kada ka dame mu," ta ce. "Mun tafi daji."