Ranar da na fifita ruwan makafin kifaye

Ban taɓa mantawa da wata Juma'ar tsakiyar zafi ba, ina cikin shekarata ta goma sha ɗaya da fara shara a wani gidan binciken kifaye da ke wajen unguwar Ruwais, nan ƙasar Larabawa. Ku da kuka zo kuka tarar da injin wuta, ku saurara.

Akwai wani ɗaki mai duhu inda Daktur, shugaban sashenmu, ya ajiye kifaye bakwai a akwatin gilashi. Ƙanana ne kamar ɗan yatsa, farare sol, ba ido ko alamarsa. Daga ruwan ƙarƙashin wani kogo aka kawo su, ruwan kuma yana ta ƙafewa, irinsu saura kaɗan a duniya. Aikina in share ƙasa, in duba allurar zafi kada ta wuce jan layi. Amma ruwan, wanda ya taɓa shi, halas, shi ke nan, ya tattara nasa ya nasa.

Ana kiran sallar farko wuta ta ɗauke. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin, ya yi shiru, ɗan bututun da ke kumfa a ruwan shi ma ya tsaya. Maza duk sun tafi masallaci, wayar Daktur a kashe. Allura sai hawa take, kifayen suka taso sama suna buɗe baki.

Na ce to, ni 'yar mai shayi ce a unguwar Nuzla. Ban yi boko ba, amma fifita abu mai zafi, wa zai koya mini? Na jiƙa buhun da nake goge ƙasa da shi, na naɗe akwatin yadda muke yi wa randa. Na ɗauki moɗarsu ta awo, ina kamfatar ruwan ina tsiyayo shi daga sama a hankali. Wajen awa biyu, kafaɗata kamar ta cire.

Sai ga Daktur ya faɗo da darduma a kafaɗa, yana ƙwala mini kira da Khala, wato inna, yadda suke kirana. "Ya Khala! Esh sawweti? Me kika yi?"

Na ce, "Ɗan nan, ƙirga 'ya'yanka tukuna, sannan ka kore ni."

Ya ƙirga, bakwai cif. Ya ce wa ya gaya mini tsiyayar tana sa musu iskar numfashi?

Na ce, "Wace iska? Ni sanyi nake nema."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

A nan na gane masu ilimin nan ba raini ne ke sa su kafa doka ba, fargaba ce, kuma na kirkin cikinsu ba ya jin kunyar koyo a wurin mai tsintsiya. Ranar Lahadi Daktur ya tara ma'aikata har da mudir, shugaban gidan gaba ɗaya, ya ce yalla, maza, Khala za ta koyar da tsiyayar ruwa. Mudir ya fi kowa zubarwa a ƙasa. Ni kuma na sa shi ya goge.