Layi Ɗaya Na Yi wa Saƙonni

Bayan na yi ritaya daga aikin sadarwa, ƙungiyar 'yan kasuwar unguwarmu ta Fagge ta roƙe ni in haɗa musu na'urar aika saƙon waya ga mambobi. Kwamfutar muka ajiye a Sabon Gari, a shagon wata Madam 'yar ƙabilar Ibo mai gyaran kwamfuta, don wutarta ba ta yankewa. Haifaffiyar Kano ce, Hausarta ta fi ta jikokina.

Na'urar ba ta iya tura saƙo dubu a lokaci guda, sai na saka mata manhajar da ke jera su, tana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Madam tana tsaye a kaina ta ce, "Baba, ka ware wa sanarwar rasuwa nata layin. Ku fa ba kwa ajiye gawa."

Na ce mata na yi aiki a Jamus da Masar da Sudan, kuma abin da ya burge ni a Jamus shi ne kowa yana bin layi, ba babba ba yaro.

Ta ce, "To, Bajamushe. Allah ya ba da sa'a."

Layi ɗaya na yi. Wanda ya riga shiga shi ke riga fita.

Wata Laraba da hantsi wani dattijo mai sayar da shadda ya rasu a layinmu. Sakataren ƙungiya ya tura sanarwa cewa jana'iza bayan azahar. Ashe da safen an zuba tallan sabbin atamfofi ga dukkan mambobi, sanarwar ta tsaya a bayansa. Kowa ya ɗauka saƙo ya isa, ba wanda ya buga waya.

Mamacin yana da amini a Kasuwar Singa, wani Alhaji mai sayar da shinkafa. Tun suna samari suke tare, kuma unguwa ta san sun yi alkawarin wanda ya rage shi zai yi wa ɗan'uwansa wanka. Tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita. Saƙon ya same shi bayan la'asar, mun riga mun dawo daga maƙabarta.

Washegari na je Sabon Gari. Madam kujera kawai ta turo mini. Raba layin bai ɗauke ni rabin awa ba.

Sai da na yi kwana uku kafin na iya zuwa Singa. Na zauna a kan benci na faɗa wa Alhaji yadda aka yi, ban ɗora wa na'ura laifin ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Malam, kai ka samu jana'izar?"

Na ce na samu.

"Wa ya yi masa wanka?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce mutumin ya iya, ba laifi. Sannan ya ɗauki hularsa ya ce in zo in nuna masa kabarin, tunda ni na san wurin.