Nonon da Ya Ƙafe Ya Dawo

Ko suna ba a yi ba zazzaɓi ya kayar da ni, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti. Haihuwata ta fari ke nan. Lokacin muna Goronyo, maigidana yana cikin ma'aikatan da ke sakar wa manoman rani ruwa daga madatsa. Na daɗe a kwance ban san inda kaina yake ba. Da aka sallame ni, na tarar da 'yata ta yi ɓulɓul a cinyar faccalata, matar wan mijina, wadda ke goyon ɗanta namiji. Ita ta haɗa su biyu tana shayarwa. Ni kuwa nono ya ƙafe ƙaf, ko ɗigo babu.

Allah ya saka mata da alheri, ban taɓa jin ta yi mita ba. Har tsokanata take yi, wai na ja wa ɗanta asarar mata, tunda sun sha nono ɗaya aure ya haramta. Matsalar ita ce zamansu a Goronyo na ɗan lokaci ne. Albasa mijinta ya zo nomawa, da zarar an cire an ɗura a buhu za su koma Rabah. Surukata, wadda muke kira Inna, ta riga ta yanke hukunci, kuma ba da mugunta ba. Ta ga yaran da madarar gwangwani ta sa wa zawo, ba za ta yarda a gwada a kan jikarta ba.

"Ɗiya nono taka bi," in ji ta. "In sun tashi da ita za su tahi. In an yaye ta a maido miki."

Yaye fa! A kawo mini ita tana tafiya da ƙafarta, tana kiran wata mace uwarta. Na shiga ɗaki na sha kuka, na fito na zazzage wa maigidana masifa, bawan Allah, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ranar da na kai yarinyar rigakafi na haɗu da Sista, wata doguwar ma'aikaciyar asibiti, Kirista daga ƙasar Zuru. Ta ga an yi wa yarinya allura tana tsala ihu, ni kuma sai jijjiga ta nake yi ban ba ta nono ba. Ta tambaye ni dalili, na faɗa mata. Ta ce ai nono yana dawowa. Na ce kada ta yi mini ba'a ina cikin halina. Ta ce ta taɓa yin kwas a kan shayarwa, tsotso ne ke kiran nono, amma aiki ne na zama da haƙuri, ba na wannan layin da mata suka cika har baranda ba.

Maigidana yana da katin inshorar lafiya, wanda ake yankar kuɗinsa daga albashi. Shi ya biya mini gado da allura da ƙarin ruwa, ba zan ci amanarsa ba. Sai maigidana ya ɗauki katin ya je ya nemi a ware mana Sista a kan katin. Aka yi masa bayani cikin mutunci cewa kati yana biyan aikin da ke da suna da mai lasisin yin sa, koya wa mace shayarwa kuwa ba a ba kowa lasisinsa ba, don haka babu wanda za a biya. Wato in yarinya ta kamu da zawo za su biya ruwan da za a ƙara mata, amma abin da zai hana zawon babu ruwansu. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Sista dai ta zo. In ta tashi aiki da la'asar sai ta hau kabu-kabu har ƙofar gida, ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Ta sa faccalata ta tatsi nononta a kofi, ni in sa yarinya a ƙirji, ita kuma tana ɗiga shi da cokali a kan nonona yana gangarowa bakin yarinya, don ta ɗauka daga gare ni yake fitowa ta ci gaba da tsotso. Inna ta leƙo ta riƙe baki.

"Mi nika gani haka? An maida mutum saniya?"

Yarinyar nan ta ba ni wuya. Ta banƙare, ta kau da kai, tana jin muryar faccalata a tsakar gida sai ta ƙara ƙarfin kuka. Wata rana na dire ta a tabarma na ce na gaji, su tafi da ita tunda ba ta so na. Ashe Sista ma tana da nata zafin. Ta ɗauke ta ta dangwara mini a cinya, ta ce ba ta bar tuwonta a kan wuta ta zo kallon fushina ba. Ta sa na riƙa ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, ina kwana da ita, ko ta yi hamma in ba ta. Inna tana gunaguni, amma ita ce ke dama mini kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ana cikin cire albasa, gari ya ɗauki warinta, na matsa nonona da safe na ga wani ɗigo kamar ruwa. Na yi ta nuna wa kowa kamar wadda ta tsinci zinariya. Sista ta ce in rage murna, da sauran aiki. A hankali ta riƙa rage na kofi, tana auna yarinya a sikelin asibiti, buhuna kuma suna ta taruwa a zaure. Mun ba ta buhu guda, ta ɗebi na miya ta bar sauran.

Ranar da motar Rabah ta zo, Inna ta riga ta ɗaure kayan jikarta a ɗankwali. Ta ce ita ba ta san sikeli ba, da idonta za ta gani. Ta zauna a gabana, ta kai kunne kusa. Na sa yarinya a nono. Ta kama, ta ja, maƙogwaronta yana ƙwat, ƙwat, har nono ya tsiyayo ta gefen bakinta, barci ya kwashe ta.

Inna ta miƙe. Ta jawo ƙullin ta kwance, ta mayar da 'yan rigunan cikin kwallata. Faccalata ta sunkuya ta shafa kan yarinyar, idonta ya cika, ta gyara goyon ɗanta ta fita. Ban raka su ba, ban so in motsa in tashe ta.