Na Ɗora wa Matar Ɗana Laifin Baƙin Hayaƙi

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce a Illela, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. A shekarun da soja suka rufe iyakar nan tamu da Nijar ina da ƙarfina da kaifin bakina, daddawa nake dafawa ina sayarwa, kuma ba a ja da maganata a gidana. Maigidana direba ne, Allah Ya jiƙansa, a hanyar Kurmi ya rasu cikin motar wani, ko gawarsa ban gani ba. Ya bar mana babbar mota mai bodin katako, mai shan man gas, ɗana na fari ya gaji sitiyarinta. Kafin a rufe iyaka har Tawa ta cikin Nijar yake kai kaya, ya dawo lafiya.

Da hanyar arewa ta toshe, sai ya ce zai juya kudu da albasa kamar sauran direbobi. Na ce ban yarda ba. Na haɗa shi da nonon da ya sha, na ce kada ya wuce Gwadabawa, kada kuma in ji an ce ya yi gudu. Yaro mai biyayya, ya ce to. Daga nan motar ta koma rarrafe tsakanin Garu da Kalmalo da kasuwar Illela, yau buhu goma, gobe awaki shida. Batirinta kuma ya yi sanyi, in an kashe ta sai an tara maza sun tura, don haka yakan bar ta a kunne a bakin kasuwa tun hantsi har la'asar, tana ta gunaguni ita kaɗai.

A cikin watannin nan ne aka kawo masa amarya daga Amarawa, yarinya mai sanyin murya da yawan kunya. Ba ta rufa wata uku ba motar ta fara lalacewa. Hayaƙi baƙi wuluk, wani abu kamar kwalta yana ɗiga daga bakin salansa, mai kuwa tana shansa ba ƙoshi, ɗan tudu kaɗan sai ta yi ta nishi. Matan da muke dakan kalwa tare suka fara yi mini raɗa, wai in duba da kyau, ko yarinyar farar ƙafa gare ta, irin wadda in ta shiga gida arziki ya fita. Allah Ya yafe mini, na duba. In ta durƙusa gaishe ni, ba fuskarta nake kallo ba, ƙafafunta nake kallo. Na daina cin tuwonta. Na sayo turare na dinga banka wa motar a ƙarƙashi, hayaƙi kan hayaƙi.

Wata rana ya sami lodin albasa mai nauyi zuwa Gwadabawa, na bi shi don ina da gaisuwar rasuwa a can. Rana ta yi, masu kaya na jira, sai ya manta da alkawari ya taka mota. Can na ji kukanta ya sake, wani ƙauri ya cika mu kamar tukunya ta ƙone, na leƙa ta taga na ga tartsatsin wuta yana fita ta salansa. Na yi salati, na riƙe masa hannu sai da ya tsaya, na sauka na juye ruwan jarkarmu kaf a kan ƙarfen. Da muka dawo gida motar ta fi da lalacewa. Da safe na kira shi na ce yarinyar nan ta kusa ƙone mu da rai, ya mai da ita gidansu, kuma kafin Juma'a ya rubuta mata takardarta. Ya tashi ya fita. Ita kuwa ta ɗaure ƙullin kayanta, ta zo ta durƙusa ta ce in yafe mata in ta yi mini wani laifi. Na kau da kai, ya kai ta Amarawa.

Ranar Laraba sai ga ƙanin maigidana ya zo ganin gida. Tsohon direban tanka ne a kudu, kuma tun ina amarya muke wasa da shi, ba ya raga mini. Ya ji labari, ya zagaya motar, ya samo kara ya zura cikin salansa, ya zaro shi baƙi ƙirin da danƙo. Ya nuna mini ya ce, “Uwargida, ashe ke ta mai farar ƙafar. Mi kinka yi ma motar yayana?” Na ce ya kiyaye ni, ba ranar wasa ba ce. Ya ce ai ba wasa yake ba. Ya tambaye ni ko na san kunkunniyar da ke taruwa a rufin madafina in na yi ta hura ɗanyen itace. Ya ce haka injin gas yake, in ana jan sa a hankali, ana barinsa a kunne ba aiki, ba ya yin zafin da zai cinye mansa, sai baƙin ya taru ya shaƙe masa numfashi. Maganinsa kaya mai nauyi da doguwar hanya, ya yi zafi sosai ya ƙone dattinsa da kansa. Ƙaurin da na ji da tartsatsin da na gani, ya ce, motar ce ta fara warkewa na bi ta da ruwa, kuma in gode Allah ƙarfen bai tsage ba.

Ban yarda ba sai da ya ce in shiga in gani da idona. Washegari aka yi lodi zuwa Sakkwato, ya hana a ɗora ko damin kara ɗaya, ya ce ranar irin wannan ba a ɗaukar busasshen abu saboda tartsatsi. Shi ya tuƙa, ɗana a tsakiya, ni a bakin taga da carbi. Da muka wuce Gwadabawa kukan ya sake, ƙaurin ya dawo, baƙaƙen ɓarɓashi suna tashi bayanmu. Na kama ƙofa, ya ce in sake ta, ƙofa ba ta yi mini komai ba. Hayaƙin ya koma toka-toka, ya yi ta raguwa, kafin mu kai Kware na duba ban ga komai ba sai hanya. Motar ta yi sakayau, ta hau tudu ba nishi. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Ranar Juma'a da sassafe na tafi Amarawa da ƙafata, ɗana yana biye da ni. A hanya na tambayi ɗana takardar, ya ce sau uku yana ɗaukar alƙalami hannunsa ya ƙi. Ban taɓa jin daɗin an saɓa mini ba sai ranar. Na sami yarinyar tana shara, ta yar da tsintsiya za ta durƙusa, na riga ta kai gwiwa ƙasa a gaban uwarta. Ta ce, “Inna, don Allah tashi, kada mutane su gani.” Na ce su gani, ai a gabansu na ɓata ta.

Na warware wa ɗana alkawarin, ya yi shekaru yana zuwa kudu yana dawowa. Abin da na gane, tsorona ne ya shaƙe motar, da na rasa wanda zan kama sai na kama wadda ba ta da bakin kare kanta. Ku iyayen maza, in abu ya lalace bayan baƙuwa ta shigo gida, ku kira wanda ya san abin ya duba tukuna, kada ku saurari raɗar bakin turmi. Ni dai, da ƙanin mijina ya makara da kwana biyu, da na rasa matar da yau take daka mini goro don ba ni da haƙori, kuma har yau ba ta taɓa tuna mini ba.